Majingini: Yadda Ake Yankan Katako a Miƙe da Inji

Zancenmu na yau a kan katako ne, da injin da ke yanka shi.

A ƙasar Adar mun daɗe da masassaƙa. Su ne ke yi mana turmi da taɓarya da akushi da ƙotar hauya. Kayan aikinsu gatari ne da gizago, ma'auninsu kuwa ido. Aikin kafinta dabam ne. Shi ƙofa yake yi, da taga, da gado, da teburin ƴan makaranta. Waɗannan duka guntaye ne ake haɗawa, wannan jikin wancan. In gefen ɗaya ya karkace, ba za su haɗu ba. Ƙofa ta bar kafa, iskar hunturu ta shigo da ƙura, kunama ta sami hanya.

Katakon da kafintocinmu ke aiki da shi kuwa ba nan yake tsirowa ba. Gawo da aduwa da bagaruwa ba sa ba da dogon katako mai faɗi. Daga dazuzzukan kudu ake kawo shi: Najeriya, Gana, Kodibuwar. Farin nan marar nauyi shi ake kira samba, mutanen Gana su ce wawa. Kafin ya iso Tawa ya sha tafiya, kuɗɗin mota da na kan iyaka duk suna kansa. Daga Tawa kuma a ɗora shi zuwa Takanamat, ko Afala, ko Barmu, ko Tebaram. Katakon da ya yi wannan tafiya bai kamata a ɓata shi cikin minti ɗaya ba.

Wataƙila wani ya ce: ni ba kafinta ba ne, ina ruwana? Da ruwanka. Ko kai ne za ka kai katako a yanka maka. Ko ɗanka ne ka kai koyon sana'a a Tawa. Ko ƙanenka ne ya tafi bida Abijan, ya sami aiki a shagon katako. Yatsun da ke kusa da zarton nan na gidanku ne.

Yaya injin yake?

Tebur ne, na ƙarfe ko na katako mai kauri. A tsakiyarsa akwai tsaga. Ta cikin tsagar nan faifan zarto ya leƙo sama. Faifai ne na ƙarfe, da haƙora kewaye da bakinsa. A ƙarƙashin tebur akwai moter mai juya shi. Wani injin daga waje ake kawo shi. Wani kuma masu walda na gida ne ke haɗa shi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a 1777 wani mutumin Ingila mai suna Samuel Miller ya karɓi takardar mallakar wani inji mai zarto kewayayye.

Ku ji irin gudunsa. Faifai mai faɗin santimetir 25 yana iya juyawa sau 4000 cikin minti ɗaya. Haƙoransa suna gudun da ya fi kilometir 180 a awa. Da mota ce, da ta tashi daga Tawa ta shiga Yamai cikin awa 3. Hannun mutum ba ya tsere wa wannan gudu.

Akwai abu ɗaya da za ku riƙe, domin duk sauran bayanin a kansa yake. Faifan yana juyowa ne wajen mai aiki. Haƙoran gaba, na kusa da kai, ƙasa suke yi. Su ne ke yanka, suna danne katako a kan tebur. Haƙoran baya kuwa sama suke tasowa. Su ba sa yanka kome. Amma in katako ya taɓa su, sai su ɗauke shi su jefo maka.

Mene ne majingini?

A gefen faifai, yawanci hannun dama, akwai wani dogon ƙarfe ko katako miƙaƙƙe kwance bisa tebur. Ana matso da shi kusa da zarto, ana nisanta shi, sa'an nan a ɗaure. A faransanci sunansa gid, wato jagora. Mu a nan za mu kira shi majingini, domin a jikinsa katako ke jingina yana tafiya.

Zarto ba shi da ido. Ba ya ganin layin da ka ja da kiriyon. Abin da ka tura masa shi zai ci. In ka tura katako da hannu kawai, kana bin layi da ido, hannunka zai yi dama ya yi hagu, yanka ya fito kamar sawun maciji. In kuwa katakon yana manne da majingini tun daga farko har ƙarshe, tazarar da ke tsakanin zarto da majingini ita ce faɗin abin da zai fito. Ba ƙari, ba ragi.

Ga wani amfanin. A ce an ba kafinta aikin teburan makaranta guda 20, kowane yana son sanduna 4 masu faɗin santimetir 8. Sanduna 80 ke nan. Ba sai ya auna sau 80 ba. Sau ɗaya zai daidaita majingini, ya ɗaure, ya yanke su duka. Ta farko da ta ƙarshe faɗinsu ɗaya.

Wanda injinsa ba shi da majingini yana iya yin nasa. Katako busasshe mai ƙarfi ya isa, ko ƙarfe mai kusurwa irin na masu walda. A matse shi da tebur gaba da baya da ƙarfen matsewa, yadda ko an ture shi ba zai motsa ba. Amma a fara gwada shi. Ja zare daga wannan kai zuwa wancan, ka ɗame. In gefensa ya bi zare ba tare da ciki ko doro ba, ya yi. A duba kuma fuskarsa tana tsaye sak, ba ta kishingiɗa ba. Kada a bar kafa a ƙarƙashinsa, don katako marar kauri yakan kutsa ciki ya maƙale.

Daidaitawa

Kafin ka kai hannu kusa da faifai, kashe inji, ka kuma zare wayarsa daga wuta. Kashewa kaɗai ba ta isa ba. Yaro yana iya jingina da makunni.

Ɗauko metir. Dubi jikinsa. Dogayen layuka masu lamba su ne santimetir. Tsakanin lamba da lamba akwai ƙananan rabo 10, kowane ɗaya milimetir ne. Milimetir 10 santimetir 1. Santimetir 100 metir 1. Aikin gini yakan haƙura da kuskuren santimetir guda. Aikin katako da milimetir ake yinsa.

Zaɓi haƙori ɗaya na faifan, ka shafa masa alli. Juya faifan da hannu har haƙorin ya zo gaba, daidai fuskar tebur. Auna daga haƙorin zuwa majingini. Rubuta lambar. Sake juya faifan har wannan haƙori mai alli ya koma baya. Sake aunawa. Lambobin nan biyu tilas su zama ɗaya.

Don me haƙori ɗaya? Domin haƙoran zarto ba layi ɗaya suke ba. Wani ya ɗan karkata dama, na bayansa ya karkata hagu. In ka auna da wannan a gaba, da wancan a baya, metir zai yi maka ƙarya. Haka kuma in kana auna faɗin da kake so, daga haƙorin da ya karkato wajen majingini za ka auna.

To, in lambobin sun bambanta fa? In ta baya ta fi ta gaba da ɗan kaɗan, abin da bai kai rabin milimetir ba, ba laifi. Wasu kafintoci da gangan suke barinsa haka. Amma in ta baya ce ƙarama, kada ka kunna inji. Hanyar ta tsuke a baya ke nan. Katako zai shiga a sake, ya je ya matse tsakanin majingini da haƙoran nan masu tasowa sama. Alamarsa ita ce gefen katako ya yi baƙi, ka ji ƙauri, turi ya yi nauyi, kukan inji ya sauya.

Bayan ka ɗaure majingini, sake aunawa. Sau da yawa wajen ɗauri yake gocewa. Sa'an nan ɗauki wani guntun da ba a so, ka yanka, ka auna abin da ya fito. Guntu shi ke shan gwaji, ba katakon mai kaya ba.

Tsawon faifai ma ana daidaita shi. Haƙora su leƙo bisa katako da kamar rabin santimetir zuwa santimetir 1. Faifan da ya fito zaƙal fiye da bukata, yatsu yake jira.

Zarto ma yana da nasa rabo

Ga wani lissafi da yake haddasa gardama tsakanin kafinta da mai kaya. Mutum ya sayi katako mai faɗin santimetir 30. Yana son sanduna masu faɗin santimetir 5. Ya yi lissafi: 5 sau 6, 30. Ya ce a fitar masa da 6. Kafinta ya miƙo masa 5 da wata siririya. Sai ya ce an cuce shi.

Ba a cuce shi ba. Dusar katakon nan da ke zuba ƙasa, daga ina ta fito? Kowane yanka yana cin kamar milimetir 3. Sanda ɗaya da yankanta milimetir 53 ke nan. Sau 5, milimetir 265. A cire daga 300, saura 35. Ta shida santimetir 3 da rabi ce kawai. Wanda ke son 6 masu faɗi ɗaya, sai ya rage kowace zuwa milimetir 47, ko ya sayi katakon da ya fi faɗi.

Katakon kansa

Majingini miƙaƙƙe ba ya gyara katako karkatacce. Gefen da ya jingina da shi, shi zarto ke kwaikwayo. In gefen nan yana da doro, sabon yankan ma zai fito da doro.

Mu kuwa a nan karkataccen katako ba baƙo ba ne. Daga ƙasar ruwa yake zuwa, jikinsa da laima. Ya iso Adar ya tarar da iskar hunturu, ko zafin bazara da ya wuce digiri 40. Waje ya bushe da sauri, ciki bai bushe ba. Sai ya kantare, ko ya tsage, ko ya yi kwari kamar ƙoƙo. Wanda aka jingine a bango cikin rana ya fi kowane lalacewa. Wurin ajiyarsa inuwa ce, a kwance. A sa ƙananan sanduna tsakanin kowane katako da na bisansa, iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. A ba shi kwanaki kafin a yanka. Ku sani kuma a faɗi katako ke tsukewa in ya bushe, tsawonsa kusan ba ya raguwa. Shi ya sa ƙofar da aka yi da ɗanyen katako take buɗe haƙora da rani.

In gefen katako duka biyu ba miƙaƙƙe, ga dabara. Nemo wani siririn katako da ka tabbata miƙaƙƙe ne. Gefen kontirpalake na asali, wanda ba a taɓa yankawa ba, yana da kyau ƙwarai. Ɗora shi bisa karkataccen, ya ɗan zarce gefensa, ka kafa da ƙananan ƙusoshi nesa da hanyar zarto. Shi ne zai jingina da majingini. Yanka ɗaya, ka sami gefe miƙaƙƙe. Cire ƙusoshin, juya, jingina sabon gefen, ka yanke ɗayan.

In katakon ya yi kwari, kifa shi, kwarin ya dubi tebur, don kada ya riƙa rawa. Wanda ya murɗe kamar igiya kuwa, kada a kai shi bisa wannan inji sam. A yanke shi guntu-guntu da zarton hannu, a yi ƙananan ayyuka da shi.

Tsohon katako, na akwati ko na tsohuwar ƙofa, a bincike shi. Ƙusa ɗaya tana karya haƙori, guntun ya tashi kamar harsashi. A kakkaɓe rairayi ma, don yana dasashe zarto.

Turi

Tsaya a gefe kaɗan, wajen hagu. Kada cikinka ya yi daidai da faifai. Kada kowa ya tsaya a bayanka.

Kunna inji, ka jira har kukansa ya daidaita. Katako bai taɓa faifai ba tukuna. Kwantar da shi bisa tebur, manna shi da majingini. Hannun dama yana turawa gaba. Hannun hagu yana danna shi wajen majingini, amma a gaban faifai kaɗai. In ka danna a gefen faifai ko a bayansa, ka rufe tsagar da zarto ya buɗe, ta kama shi.

Ina idonka zai kasance? Sabon ɗan koyo zarto yake kallo. Gwani kuwa inda katako ya haɗu da majingini yake kallo. Da ya ga haske ya ɓullo a tsakaninsu, ya san yanka ya fara gocewa.

Tura sannu, kada ka tsaya, kada ka tilasta. Sauri ya haifi nawa. In ka ji turi ya yi tauri, kada ka ja katako baya inji yana gudu. Riƙe shi kam, a kashe inji, faifai ya tsaya, sa'an nan a duba.

Kowane inji ya kamata ya kasance da sandar turi rataye kusa. Katako ne mai tsawon kamar santimetir 40, an yi masa ɗan baki a kai wanda ke kama gindin abin da ake yankawa. Da ita ake tura santimetir 30 na ƙarshe. In kuma tazarar zarto da majingini ba ta kai santimetir 15 ba, wato ba ta kai taƙi ɗaya ba, hannu ba ya shiga wannan lungu ko kaɗan. Tura guntun har ya wuce faifai ɗungum. Guntun da aka bari tsakanin zarto da majingini, shi ke dawowa. In zarto ya ci sandar turi, a sassaƙa wata.

Dogon katako, mai metir 4, yana son mataimaki a bayan tebur. Aikinsa tallafa ne kawai, ba ja ba. Ya tsaya nesa da faifai fiye da metir 1. In ya ja, ya karɓe ragamar daga hannun mai turi, kuma yana iya janyo hannunsa cikin zarto.

Harbi

Wanda ya taɓa tsayawa bayan jaki ya san harbi. Injin nan ma yana yi. Haƙoran baya su kama katako, su ɗaga shi, su cillo shi baya. Yana fasa ciki, yana fasa fuska. Abin da ya fi muni, hannun da ke kan katakon yana bin sa zuwa cikin faifai.

Maganinsa na farko mun faɗa: majingini daidai. Na biyu wani ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar lauje, da ake kafawa a bayan faifai. Mu ce masa wuƙar baya. Ba ya yanka. Yana shiga cikin tsagar katako ne ya hana ta rufewa. Kaurinsa ya fi na jikin faifai kaɗan, amma bai kai faɗin tsagar ba. Tazararsa da haƙora kada ta wuce milimetir 8. Injin da aka haɗa a gida sau da yawa ba shi da ita, ba shi da murfin da ke rufe faifai ta sama. Mai walda yana iya yin su duka biyu. Uban da zai kai ɗansa koyo, ya leƙa bayan faifai ya gani ko akwai wuƙar nan. In babu, ya yi wa maigidan shago magana.

Na uku: majingini na tsaga katako ne a tsawonsa. Ba a gutsure katako a gicciye ana jingina ɗan kansa da majingini. Kan siriri ne, zai juya, guntun ya maƙale ya tashi. Yankan gicciye da nasa abin turi dabam, ko a yi shi da zarton hannu.

Kada ku ce sai wanda bai iya ba abin ke samu. A Amurka, inda kayan aiki suka wadata, fiye da mutum 30,000 ake kaiwa asibiti kowace shekara saboda wannan inji. Har wani mai suna Steve Gass ya ƙago dabara a 1999, wadda ke tsayar da faifai nan take in ya taɓa fatar mutum. SawStop ake kiran injin, an fara sayar da shi a 2004. Yana da tsada, ba shi ne a shagunanmu ba.

Sai maganar tufafi, kuma wannan tamu ce. Babbar riga mai faɗin hannu ba ta aikin inji. Jelar rawani ma haka. Mutanen arewacin Tawa ba sa son tuɓe rawani, mun sani. To, a naɗe shi tamau, a cusa jelar ciki. A cire zobe da agogo da laya mai rataya. Safar hannu kada a sa, haƙori yana kama ta ya ja hannu. A sa tabarau na kariya, a rufe hanci saboda ƙura.

In wuta ta ɗauke ana cikin yanka, abu na farko kashe makunni. Sa'an nan a zare katako. In an manta, wuta ta dawo, inji zai tashi da kansa da katako a bakinsa.

In tsautsayi ya faru, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba dusar katako, ko toka, ko baƙin mai. In yatsa ya cire, a naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa cikin leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙara. A tafi asibiti nan da nan, likita ne zai ga abin da za a iya yi. A tambayi allurar tetanus.

Kai mai kaya

In za ka taso daga Takanamat don a yanka maka katako a Tawa, auna wurin tun a gida. Bakin ƙofar ɗakin ƙasa ba safai yake zama daidai ba. Auna faɗinsa sama, da tsakiya, da ƙasa. Auna tsawonsa dama da hagu. Rubuta duka a takarda, da santimetir. Kada ka zo da kara ko igiya ka ce kamu biyu da taƙi. Kamunka da na kafinta ba ɗaya ba ne, igiya kuma tana miƙewa.

Bayan an yanka, kada ka yi hanzarin ɗaurewa. Ɗauki guda biyu, ka haɗa gefensu, ka ɗaga wajen haske. In rana ta ratso ta tsakaninsu, ɗaya ya karkace. Auna faɗin kowane a kai biyu, ka gwada da takardarka. Ƙirga su. Ragowar guntaye ma naka ne, ka karɓa, za su yi maka maratayi ko ɗan benci. Wanda bai yi ba a gyara shi nan take, tun kana bakin inji, kafin motar kasuwa ta tashi.